Tambayi Anti: wayin ɗin biki, zoɓo da naman sallah, da mai son noman inabi

Assalamu alaikum jama'a. Wannan watan saƙonni huɗu na ware saboda duk a kan abu ɗaya suke yawo, wato kwalbar inabi da abin da ke cikinta. Ni dai ba na shan giya, amma na yi shekaru a kicin ɗin otal da aikin abincin biki, kuma wanda ya yi wannan aikin dole ya san kwalaben nan ko yana so ko ba ya so, toh abin da na sani shi zan faɗa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Bikin 'yata ya matso kuma masu dekoreshon sun saka min katon biyar na wayin a lissafi wai na babban tebur, sun ce babu giya a ciki. Ni kuma hankalina bai kwanta ba don kwalbar sak irin wadda ake gani a fim. Ta yaya zan gane? Daga wata uwar amarya, Kano.

AMSA: Hajiya Allah ya sanya alheri, ya kai mu lafiya. Kin yi daidai da kika tsaya tambaya, don abu uku ne daban daban ake zubawa a kwalba iri ɗaya kuma duk a kasuwa wayin ake ce musu.

Na farko ruwan inabi ne da aka tace aka dafa aka ɗura masa gas kamar lemon kwalba, bai taɓa tsimuwa ba ko na awa ɗaya. Yawancin abin da ake ɗorawa a teburin bikinmu shi ne wannan, irin su Chamdor da Pure Heaven da Veleta. Asalin dabarar ma daga masu gudun giya ta fito, wani likitan haƙori ne a Amurka mai suna Thomas Welch a shekarar 1869 ya dafa ruwan inabi a kwalba don cocinsu su samu abin da ba ya sa maye, ya ɗauko hanyar Louis Pasteur na Faransa wanda ya gano cewa zafi yana kashe ƙwayoyin da ke sa abu ya tsimu.

Na biyu shi ne inda ake ruɗewa. Giyar inabi ce ta gaske, an bar yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa, ta tsimu ta gama, daga baya sai a saka ta a inji a zuƙe barasar. Barasa tana tafasa a digiri 78, amma idan aka zuƙe iskar tukunyar sai ta tashi da ɗumi kaɗan ba tare da an dafe ɗanɗanon ba, Jamusawa sun fi shekara 100 suna wannan. Irin wannan za ki ga an rubuta dealcoholised ko alcohol removed a jiki, kuma dokar Tarayyar Turai ta yarda a kira shi haka matuƙar abin da ya rage bai wuce 0.5% ba. Ba zai bugar da kowa ba, amma asalinsa giya ne, shi ya sa hukumomin addini na Malesiya ba sa ba shi shaidar halal ko da an cire barasar. Hukuncin wannan na malamai ne ba nawa ba, amma ni a teburin da nake shiryawa ba na saka shi, don ban ga dalilin da zai sa in jefa baƙin mutane cikin kokwanto ba alhali ga na farkon nan a ko'ina.

Na uku giya ce kai tsaye, za ki ga 11% ko 12.5% ko 14% da ƙaramin rubutu vol ko alc a gefe.

Toh Hajiya kar ki tsaya a kan maganar mai dekoreshon, shi ma wani ne ya faɗa masa. Ki ce a kawo miki kwalba ɗaya gida kafin a biya kuɗi, ki juya bayanta ki sa yaro mai ido ya karanta miki. Ki nemi inda aka ce juice ko grape drink, ki nemi 0.0%, ki nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kuma ranar bikin ki sa mutum ɗaya naki ya buɗe katon ɗin duka biyar ya duba, don akwai kamfanonin da suke yin mai giya da marar giya da kwalba kusan iri ɗaya, launin takarda ne kawai ya bambanta, yaron shago yana iya haɗawa ba da gangan ba.

Wata shawara da ba ki tambaya ba, abin nan zaƙi ne da shi sosai, idan aka ajiye shi da ɗumi kusa da jalof da soyayyen kaza ba wanda zai iya shanye kofi. A saka a kula da ƙanƙara tun awa biyu kafin a zauna.

TAMBAYA: Anti ni Kirista ne daga Jos, na samu aikin weta a wani otal a Abuja wata uku kenan. Matsalata baƙi suna tambayata wane wayin zai tafi da kifi wane zai tafi da nama, ni kuma sai in tsaya ina kallonsu, manaja ya fara min magana. Kuma mene ne wannan 92 points da ake liƙawa a wasu kwalabe?

AMSA: Ƙanena Allah ya sa albarka a aikin. Kwantar da hankalinka, abin nan da Turawa suka cika shi da manyan kalmomi ka riga ka san rabinsa tun daga gida, sunan ne kawai ba ka sani ba. Harshe abu kaɗan yake ji a kofi: tsami, zaƙi, bauri, sai nauyi ko rashin nauyi a baki. A faranti kuma akwai maiƙo, gishiri, yaji. Duk ilimin shi ne wanne ke gyara wanne.

Ɗauki bauri tukunna. Ka san yadda goro ko shayin da ya daɗe a wuta yake kama maka baki ya bushe maka dasashi, toh wannan shi ne abin da suke kira tanin, kuma a jan wayin daga ɓawon inabi da ƙwallonsa yake fitowa saboda ana barin ruwan ya tsimu tare da ɓawon, farin kuwa ana matse ruwan a raba shi da ɓawon tun farko shi ya sa ba shi da bauri sosai. Bauri yana son kitse da jan nama, kitsen ya tausasa baurin shi kuma baurin ya wanke kitsen daga baki. Shi ya sa idan baƙo ya ce stek ko haƙarƙarin rago sai ka nuna masa jan wayin irin Cabernet Sauvignon ko Shiraz ko Malbec. Kuma shi ya sa a Agadas da Zinder idan an gama cin gasasshen rago ake ɗora butar shayi mai kauri, abu ɗaya ne harshe yake nema.

Tsami kuma aikinsa yanke maiƙo da kashe ƙarni. Me ya sa muke matsa lemon tsami a kan gasasshen kifi? Toh farin wayin mai tsami irin Sauvignon Blanc aikin lemon tsamin nan yake yi. Kifi, jatan lande, salad, nan za ka tura shi. Kaza mai miyar kirim ko taliya mai madara tana son fari mai ɗan jiki, Chardonnay kenan. Idan baƙo ya nace sai ja alhali kifi zai ci, ba shi Pinot Noir don baurinsa kaɗan ne, ja mai bauri da kifi yana barin wani ɗanɗano kamar ka lashi ƙarfe.

Inda littattafansu ba za su taimake ka sosai ba shi ne abincinmu, don su ba su san yajin tsire da attaruhun farfesu ba. Riƙe wannan da kyau: barasa mai ƙarfi tana ƙara wa yaji wuta. Mutum ya ci farfesun kayan ciki ya kora da ja mai 14.5% bakinsa zai kama da wuta ya ce kwalbar ce ba kyau. Abin da ke kwantar da yaji shi ne ɗan zaƙi da sanyi da barasa kaɗan, wato farin wayin Riesling mai ɗan zaƙi ko roze, mai launin ruwan hoda, mai sanyi. Kayan zaƙi na ƙarshe kuma dole abin shan ya fi su zaƙi, in ba haka ba sai ya koma tsami a baki.

Sai zafin kwalba, nan ne otal ɗinmu da yawa suke kuskure. An ce ja a sha shi a zafin ɗaki, amma ɗakin Turai ake nufi, digiri 16 zuwa 18, ba Abuja a watan Maris ba. Saka shi a firij minti 20 kafin ka kai. Fari kuma 8 zuwa 12. Kuma ɗan kaɗan ɗin nan da ake fara zuba wa wanda ya yi oda ba don a ji ko yana so ba ne, don a ji ko kwalbar ta lalace ne, idan ya ce yana jin warin jiƙaƙƙen kwali to toton ne ya ɓata ta, ka canza ba gardama. Kada kuma ka kira kowane mai gas shampen, sunan na yankin Champagne ne a arewa maso gabashin Faransa, na Italiya Prosecco ne na Sifen Cava, baƙon da ya sani zai lura.

Maganar maki kuma, wani lauya ne Ba'amurke Robert Parker ya yaɗa ta daga 1978, yana ɗanɗanawa yana ba da maki cikin 100 kamar jarrabawar makaranta, har ta kai makinsa yana ɗaga farashin kwalba ko ya kayar da shi. Masu wannan aikin kurɓa suke su juya a baki su tofar, suna duba launi da ƙamshi da yadda ɗanɗanon yake daɗewa. Amma maki ra'ayin harshen mutum ɗaya ne. A 1976 wani ɗan kasuwa Bature ɗan Ingila Steven Spurrier ya tara manyan masana na Faransa a Paris ya ba su kofuna ba tare da sun ga kwalba ba, da aka buɗe sakamako sai ga na Kalifoniya ya zo na ɗaya a ja da fari duka, a gaban manyan gidajen wayin na yankunan Bordeaux da Burgundy na Faransa da ake ganin ba a taɓa su. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Don haka kar ka tura wa baƙo mafi tsada saboda lamba, tambaye shi me zai ci, yana son mai zaƙi ko marar zaƙi, nawa yake son kashewa, ka ba shi zaɓi biyu. Manajanka zai ga bambanci cikin sati.

Bari in ɗan ratse in yi magana da sauran masu karatu da ba ruwansu da wayin, don abin nan yana ci min rai. Mu ma muna da wannan ilimin kaf. Wa ya koya wa iyayenmu kunun tsamiya da ƙosai a buɗa baki? Tsami ne yake yanke man ƙosan. Fura da nono bayan abu mai yaji, madara ce take wanke zafin barkono daga harshe, abin da ruwa ba ya iya yi. Zoɓo yana da tsami yana da ɗan bauri yana da launi, wallahi babu abin da ya kai shi dacewa da soyayyen naman sallah ko balangu, amma sai mu juye masa sukari da fileba na abarba da kala har ya zama alawa, a ba ka shi da kowane abinci ɗanɗano ɗaya. Ku gwada sau ɗaya, zoɓo da citta da kanumfari kaɗan, sukari rabin wanda kuka saba, mai sanyi, kusa da nama mai kitse. Waina kuma tana da tsaminta, ba ta buƙatar wani tsamin, kunun aya ko kunun gyaɗa ya fi zama da ita.

TAMBAYA: Anti ina sayar da zoɓo a roba, amma in ya kwana biyu ba wuta sai robar ta kumbura, in an buɗe ya yi tsiii kuma ɗanɗanon ya canza. Wata ta ce min wai ya zama giya. Gaskiya ne? Daga wata 'yar kasuwa, Gusau.

AMSA: Ƙanwata ruwa ba ya tsami banza. Yis yana ko'ina, a iska, a jikin abarba da kika yanka, a robar da ba ta wanku ba, da ya samu sukari da ɗumi sai ya fara ci yana fitar da gas da barasa, gas ɗin ne ya kumbura robar. Hanyar da ake yin giyar inabi kenan ba wata ba. A kwana biyu abin da ya taru kaɗan ne, amma ya kama hanya, kuma ba yis kaɗai ke girma a ciki ba har da ƙwayoyin da ke ɓata ciki, don haka wanda ya kumbura zubarwa za ki yi kar ki sayar wa kowa.

Gyaran shi ne komai ya shiga tukunya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dafa zoɓon sannan a zuba ɗanyen ruwan abarba ko kokwamba da sukari bayan ya huce, a ƙara da ruwan da ba a dafa ba. Ki zuba sukarin da kayan haɗin tun yana wuta, ki tace da kyalle mai tsabta da aka dafa, ki daina amfani da robobin da aka tsinto. In za ki iya samun kwalbar gilashi mai marfin ƙarfe ki dafa kwalaben ki ɗura yana da zafi ki rufe nan take, zai daɗe fiye da na roba nesa ba kusa ba. In kuma robar ce dai, ki yi daidai wanda zai ƙare a yini.

TAMBAYA: Hajiya ina da fili kadada ɗaya da rijiyar burtsatse a wajen Zariya. Na ga mutanen Kudan suna noman inabi, kuma na ji an ce a Turai masu gonar inabi su ne masu kuɗi. In shiga? Daga wani manomi.

AMSA: Malam Allah ya ba da sa'a. Gaskiya ne inabi yana yi a Kudan kuma ya fara shiga kasuwa, amma labarin Turai da aka ba ka rabi aka ba ka. Italiya da Faransa da Sifen su uku suke yin kusan rabin giyar inabin duniya, kuma masu kuɗin cikinsu 'yan kaɗan ne masu tsohon suna, irin gidajen Bordeaux da aka jera darajarsu tun 1855 kuma har yau jerin bai canza ba sai kaɗan. Ƙaramin manomi a can kuka yake. Shan giyar inabi yana ta raguwa a duniya, a 2023 gwamnatin Faransa ta ware yuro miliyan 200 don a janye rarar da ta kasa sayuwa a mai da ita barasar masana'anta, kuma a Bordeaux ɗin kanta an biya manoma su tuge dubban kadada na inabi. Sana'a ce mai cin jari kafin ta ba ka ko sisi, a can sai kurangar ta shekara uku kafin a samu amfanin kirki, ga injin matsa ga tankuna ga gangar katako mai lita 225 da za a zuba a jira shekara ɗaya ko biyu. Kai kuma ga addini ga dokar jihohinmu da yawa, wannan ƙofar ba taka ba ce, kuma ba ka yi asarar komai ba.

Kasuwarka ita ce inabin ci. Je ka wajen masu kayan marmari a Kaduna ko Kano ko Abuja ka ga ƙaramar robar inabin da aka shigo da shi daga Afirka ta Kudu ko Masar nawa ake sayarwa, wannan kuɗin shi za ka nema. Irin ma daban ne, na giya ƙanana ne masu kaurin ɓawo da ƙwallo, na ci manya ne masu siririn ɓawo, wasu ba ƙwallo, toh kar wani ya sayar maka da dashe bai faɗa maka sunan irin ba kuma bai kai ka ka ga uwar tana 'ya'ya ba.

Zafi ba shi ne matsalar ba, Nashik a Indiya da kwarin São Francisco a Barazil duk ƙasar zafi ce kuma suna fitar da inabi zuwa Turai, a Barazil ɗin ma sau biyu suke girbi a shekara. Abokin gabarka damina ce. Inabi ba ya son ruwa a ganye da 'ya'ya, fumfuna take kama shi 'ya'yan su fashe su ruɓe, shi ya sa a ƙasar zafi ake datse rassa da lissafi yadda nunar za ta faɗo a rani ana ba shi ruwa ta ƙasa, kuma nan burtsatsenka zai yi rana. Ka tanadi kuɗin rumfa, turaku da waya masu ƙarfi don kurangar tana da nauyi, ka tanadi raga ko mai gadi saboda tsuntsaye, ka kula da gara. Ka tambaya kuma ko dashen mai aure ne, don a Turai tun da wani ƙwaro mai suna filoksera ya cinye saiwar gonakin Faransa daga shekarun 1860 kusan kowace kuranga aure ake mata a kan saiwar inabin Amurka mai juriya, kamar dai yadda muke wa mangwaro.

Abin da na fi jin tsoro a kanka shi ne ranar girbi. Inabi ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, ba kamar ayaba ko mangwaro ba, in ka cire da tsami haka zai tafi da tsaminsa, in kuma ya nuna ba sanyi kwana kaɗan ne ya yi laushi, dillali ya zo ya taya maka yadda ya ga dama. Don haka ka nemi mai saye tun kafin ka dasa, kuma ka shirya abin da za ka yi da wanda ya fashe ko bai yi kyan gani ba. Zabibi yana nan, wajen kilo huɗu na ɗanye ke ba da kilo ɗaya, ga rana kyauta ga iskar hunturu, kuma masu kek da masu dambu da masu kayan azumi duk saye suke. Ruwan inabi dafaffe a kwalba ma yana nan, wanda Hajiya ta Kano take shirin sayen katon biyar, sai dai wannan yana son rajistar CAC da NAFDAC da wuri mai tsabta, ya fi sauƙi in kun haɗu ku da yawa.

Kar ka dasa kadadar duka. Fara da layi biyar ko shida, ka je Kudan ka zauna da wanda ya yi shekaru yana yi ka ga datsa da idonka, ka leƙa sashen aikin gona na jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tunda kusa kake a duba maka ƙasar da ruwan. In layukan nan sun wuce damina biyu lafiya sai ka ƙara, kuma ka rubuto min in ji yadda aka yi.